Tarihin Mai Rai

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da rubutu a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke bakin tafki a Asembo, kuma in aka cire ɗakin jarrabawa, babu inda aka ci moriyar abin da na koyar kamar wajen jana'iza. Ba alfahari nake yi ba, takaici ne. Asabar a wajenmu ta matattu ce. Gawa ta gama makonninta a asibiti, kwamitin jana'iza ya gama zamansa, a kafa rumfuna, a yanka sa, a kunna lasifika, sai wani ya miƙe da ɗan littafin nan mai hoton mamaci a bango ya karanta tarihinsa. Tsarin ba ya canzawa: haihuwa, baftisma, karatu, aiki, aure, rashin lafiya, rasuwa, sannan waɗanda ya bari.

A shekarun da cutar ƙanjamau ta riƙa share gidaje, na zauna a ƙarƙashin rumfunan nan har na daina ƙirgawa. Da an zo kan karatu sai in ji sunan makarantarmu, wani lokaci har da nawa, a ce Malama Rispa ce ta koyar da shi. Mutane su juyo su dube ni da girmamawa. Ni kuwa abin da nake tunawa shi ne bencin da yaron yake zama da yadda yake riƙe biro.

Shi ya sa da na ga ritaya ta matso, na buɗe wa 'yan ajin ƙarshe wani darasi ranar Juma'a da yamma. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya gode mini. Ina koya musu takardar neman aiki, da jawabin da ba zai sa jama'a gyangyaɗi ba, da yadda ake rubuta abin da aka yanke a taro, da yadda ake kai kuka ga hukuma ba zagi ba roƙo. So nake yaranmu su iya rubutun da zai sa a buɗe musu ƙofa.

A wannan shekarar wata gidauniya a Kisumu ta aiko da sanarwa. Za ta ɗauki matasa kaɗan ta horar da su kan shugabanci, daga nan ta ɗauki nauyin karatunsu har jami'a. Bayan sakamakon jarrabawa, shafi ɗaya kawai take so daga kowane yaro: wane ne shi, kuma ina ya dosa. Na karanta musu, na ce kowa ya je ya rubuto labarin rayuwarsa.

Ranar Litinin da aka fita cin abinci na zauna ni kaɗai a ofishin malamai da kofin shayi, na ɗauki takardar da ke sama. Ta Ogutu ce, wani dogon yaro mai bakin tsiya wanda ƙwallo ta fi masa komai a duniya.

"An haifi Benard Ogutu a gidan marigayi Silas Owiti da Mama Dorkas, shi ne na huɗu. An yi masa baftisma yana jariri. Ya kasance yaro mai fara'a, mai girmama na gaba da shi, kuma ƙauye ba zai manta da ƙwallayen da ya ci ba."

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Can ƙasa ya ware wa rashin lafiya wurinta, ya ce ya sha fama da zazzaɓin cizon sauro cikin haƙuri da juriya. Ya rufe da cewa ya bar uwa, ƙanne uku da akuya mai ciki.

Na ɗauki ta biyu, haka take. Ta uku ma haka. Kafin in kai ta biyar dariyar ta ɗauke. Ta kasance mai son waƙar coci. Ya kasance mai taimakon kakarsa. Kowace takarda ta bi tsarin nan daki-daki, kuma kowane yaro da ya iso ƙasan shafi sai ya bar ɗan fili, layi biyu ko uku, daidai inda ake sa ranar da abin ya faru. Ta taga ina jiyo su a fili suna musu kan ƙwallo. Na zauna da takardunsu a cinya, ina ji kamar yanzu na dawo daga binne ajin gaba ɗaya.

Ranar Juma'a na shiga da takardun na zube su a tebur.

"Ogutu, tashi mu gan ka. Ashe ka rasu ba a sanar da mu ba? Yaushe za a yanka san?"

Ajin ya kwashe da dariya. Ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Malama, in an yanka a ajiye mini nawa a gefe."

"Akuyar nan mai ciki wa ka bar wa?"

"Ai shi ya sa ban ƙarasa mutuwar ba, Malama. Jira nake ta haihu."

Na buga tebur. Na ce mutanen Kisumu shugabannin gobe suke nema, wane shashasha ne zai ɗauki yaron da ya riga ya bar uwa da ƙanne? Na yi faɗa fiye da yadda laifin ya kai, don tsorata na yi kuma ba na so su gane. Da na tsagaita, Ogutu ya sake magana, wannan karon ba wasa a muryarsa.

"To Malama, akwai wani irin tarihin ne bayan wannan?"

Gaskiyarsa ce. Tun suna goye ake zuwa da su rumfunan nan, kuma ba su taɓa jin an ba da labarin mutum tun daga haihuwa yana zaune yana saurare ba. A wajenmu wanda ya faɗi alherin kansa an ce ya cika baki, wanda ake faɗin alherinsa kuma yana kwance cikin akwati. Na sassauta murya muka faro daga farko, kuma a hankali yawancinsu suka kama hanya.

Mutum ɗaya ce ba ta kawo komai ba, kuma saboda ita na fi ɗokin sanarwar nan. Perpetua Akelo, siririyar marainiya da ke zaune da kakarta, ba ta da surutu, ita kaɗai take zama a bencin jikin bango. A duk shekarun koyarwata ban riƙe rubutun da ya kai nata daɗin karatu ba. Ƙauyen ma ya san haka. Tun tana 'yar shekara goma sha uku ita ke rubuta tarihin duk wanda ya mutu a yankinmu. Dattijo Obura, wanda ba a kwamitin jana'iza sai da shi, yakan zo har bakin aji a kan kekensa ya ce a ara masa ita. Ta zauna da dangi ta yi 'yan tambayoyinta, ta fito da abin da zai sa surukar da ba ta ga maciji da mamaciya ta fashe da kuka.

Amma ko monita ba a taɓa ba ta ba. Monita shi ke rubuta sunayen masu surutu, kuma babu uwar da za ta yarda sunan ɗanta ya fito daga biron Akelo. Sau ɗaya wani sabon malami da bai san dawan garin ba ya ba ta ta kwafe masa sunayen 'yan aji, washegari iyaye suka cika ofishin shugaban makaranta. Yara suna kiranta sakatariyar lahira, a bayan idonta, wani lokacin ma a gabanta.

Na tsayar da ita bayan an tashi.

"Ina takardarki?"

"Ban yi ba, Malama."

"Na ga ba ki yi ba. Dalili nake tambaya."

Ta dubi yatsunta ta ce, "Duk wanda na rubuta an binne shi."

"Don sai sun mutu ake kiranki, sarkin wayo. Mai haƙa kabari shi ke kashe mutane?"

"Mamata da ranta na rubuta ta."

Wannan ban sani ba. Ta ba ni labarin tana kallon bango. Uwar tana kwance, tana tsoron dangin miji za su share cewa ta taɓa shiga sakandare, kuma da guminta ta sayi keken ɗinki. Sai ta ce wa 'yarta ta ɗauko biro. Akelo ta rubuta, ta karanta mata, uwar ta gyara wuri ɗaya ta ce ya yi. Ba ta ga Lahadi mai zuwa ba. A wajen binnewa wata gwaggo ta ce hannun yarinyar nan ne ya rufe ta. Bayan wani lokaci Akelo ta rubuta sunayen mawaƙan coci da za su je taro, daga baya ɗaya daga cikinsu ya nutse a tafki wajen kamun kifi. Daga nan magana ta zauna daram.

"Ke kin yarda da wannan shirmen?" na tambaye ta.

"In ina aji ba na yarda, Malama. Sai na ɗauki biro."

Washegari na bi ta gidansu. Kakar, Min Odero, wato uwar Odero, tana tsugune tana shanya omena, ƙananan kifayen nan, a kan wani tsohon taru. Manya da sunan garin da aka auro ni suke kirana.

"Nyar Gem, yau makaranta ce ta biyo mu har gida?"

"Mama, zuwa na yi ki sakar mini yarinyar nan. Shafi ɗaya ne tsakaninta da jami'a."

"Shafin da za ta rubuta kanta a ciki."

"Duk 'yan ajin sun rubuta."

"Duk 'yan ajin ba Akelo ba ne." Ta nuna mini bayan ɗaki da haɓa, inda kaburburan siminti suke jere a cikin rogo. "Wancan Odero ne, ubanta. Na kusa da shi uwarta. Sauran kin san su, wasu ma ke kika koyar da su. Shida na haifa, Nyar Gem, dubi wadda ke ɗebo mini ruwa. Ke kika yi boko. Ki ba ni tabbacin ba abin da zai same ta, in miƙa mata biron da hannuna."

"Ni ba Allah ba ce, Mama."

"To ki bar mini jikata."

Ni mace ce mai saurin hawa, marigayi mijina ya yi ta fama da ni a kan haka har ya gaji. Ina kallon Akelo a bakin ƙofa da bokitin ruwa a ka, ina ganin yadda za ta tsufa a kan keken Obura daga wannan gidan makoki zuwa wancan, sai na ji bakina ya riga ni.

"To ta rubuta nawa. Ga ni da raina, da hawan jinina da komai. Ta rubuta ni tun daga haihuwa, ta karanta a gaban aji. In na ga ƙarshen wata, sai ta rubuta nata."

Tsohuwar ta daina juya kifin. Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi, irin duban da mai yin akwati ke yi wa mutum.

"Zauna a dama miki kunu," ta ce. "Ba kya fita gidana da yunwa bayan wannan maganar."

Sai da na yi da gaske kafin Akelo ta yarda. Ta zo gidana da yamma muka zauna a baranda, ta ɗora littafi a gwiwa.

"A wace shekara aka haife ta?" ta fara, sai ta kama bakinta. "Yi haƙuri, Malama. Ban saba tambayar mai abin ba."

Na leƙa na ga ta riga ta jera kawunan nan nata a gefen shafi, haihuwa, baftisma, karatu. Na karɓi littafin na yage shafin.

"Mamaci an gama da shi, shi ya sa ake jera shi haka. Mai rai yana da abin da yake so bai samu ba tukuna. Nemo wannan ki fara da shi."

"To me kike so, Malama?"

Ba wanda ya yi mini wannan tambayar tun ina budurwa. Na ce mata ina so in ga teku a Mombasa, ban taɓa gani ba. Ina so makarantarmu ta sami ɗakin karatu da ba ya yoyo. Ina so in yi shekara guda cur ban zauna a jana'izar ɗalibina ba. Ta rubuta, ta ci gaba da tambaya, kuma yarinyar ta iya tambaya, har abin da ban yi niyyar faɗi ba sai da na faɗa.

Ranar da za ta karanta, labari ya riga ya zaga. Yaran wasu azuzuwa sun cika tagogi, masu sayar da mandazi, fanken wajenmu, a bakin ƙofa sun bar farantansu sun matso, har mai gadi ya zo ya jingina da bango. Na ɗauki kujera na zauna a gaba na harɗe hannu, ina yi wa kowa kallon ku yi ta kallo.

Akelo ta miƙe ta kira cikakken sunana. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne muryar. Murya ɗaya take da ita ta karatu, wadda take yi a lasifika ranar Asabar, a hankali, tana tsayawa bayan kowane suna. Rubutun ya yi kyau, ya fara da tekun da ban gani ba, babu rashin lafiya a ciki, babu waɗanda na bari. Amma ni ina zaune ina jin kamar ba a ɗakin nake ba. Na dubi bencinan baya, na rantse na ga sun cika fiye da yawan 'yan ajin. Ga Oyugi mai rubutu da hagu, ga Adongo da ke tauna murfin biro, ga sauran ɗalibaina da na raka kabari, kowa a wurin zamansa na da, suna saurare cikin ladabi yadda na zauna na saurari nasu. Na runtse ido na buɗe, sai Ogutu kawai yana kallona baki sake.

"Malama, lafiya?" ya ce.

"Rufe bakinka kar ƙuda ya shiga. Ba ka taɓa ganin mai rai ba?"

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Daga ranar ƙauye ya sa mini ido. In na shiga kasuwa gaisuwa ba ta ƙarewa, mata su riƙe hannuna su ƙi saki. Mai kifi da muka shekara muna faɗa kan awo ta fara ƙara mini gyara. Fasto ya biyo ta gidana ya ce wucewa kawai yake yi, ya zauna ya yi addu'a mai tsawo. Dattijo Obura ya tare ni a hanya ya sauka daga keke.

"Nyar Gem, yaran nan naki na Nairobi, lambarsu tana nan yadda take?"

"Me za ka yi da ita?"

"A'a, don dai zumunci."

"Ka ajiye zumuncinka, Obura. Ni zan ci naman naka san."

Na faɗa da ƙarfi don a ji, amma a gida na fara shan maganin hawan jinina a kan lokaci, abin da likita ya yi shekaru yana roƙona. Na daina hawa babur. Ni da na kira abin shirme, sai ga ni ina duba ƙarƙashin gado ko da maciji.

Wata bai ƙare ba zazzaɓi ya kama ni. Na san ko wane ne, mu da muke kwana da sauron tafki ba a yi mana bayaninsa. Amma na san kuma abin da za a ce, don haka na ɗaure na tafi makaranta. Ina tsaye a gaban allo gumi na bin bayana, alli ya suɓuce daga hannuna, na sunkuya in ɗauka sai ƙasa ta taso ta same ni. Abu na ƙarshe da na gani shi ne Akelo ta miƙe tsaye a jikin bango, ta ɓoye hannunta na dama a hammata.

A asibiti suka ce zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, suka yi mini allurai suka sallame ni in kwanta a gida. Maƙwabciyata ta ce Akelo ba ta sake zuwa makaranta ba, kuma an fara jifan rufin ɗakinsu da duwatsu. Ranar rufe karɓar takardu ta matso, na sauran yara duk sun tafi. Ina kwance ba na iya ɗaga kai, baƙin ciki ya fi zazzaɓin cin raina. Na zo in cire yarinya daga rami na ƙara tura ta ciki.

Da azahar ɗin wata rana na ji sanda tana ƙwanƙwasa dandamalin baranda. Min Odero ce ta shigo da kwanon kunu a hannu, Akelo na bayanta kai a sunkuye. Tsohuwar ta ja kujera ta zauna ta ƙare mini kallo.

"Kin mutu?"

"Tukuna, Mama."

"To sha wannan." Ta jira na kurɓa. "Na yi tunani, Nyar Gem. In kin tashi, hannunta ba shi da komai, sai ta tafi. In ba ki tashi ba, garin nan ba zai zaunu mata ba, ko rijiya ba za a bar ta ta taɓa ba, dole ta tafi. Kin ga kin ɗaure ni ta ko'ina, ke da taurin kanki."

"Ba haka na so ba."

"Ban tambaye ki abin da kika so ba." Ta juya ga jikarta. "Zauna ki rubuta."

"Kaka, dubi yadda take."

"Na gan ta, ba makauniya ba ce ni. Zauna."

Akelo ta zauna a ƙasa kusa da gadona ta ɗora takarda a kan kujera. Tsohuwar ta sauko da ƙyar ta zauna gefenta, ta kama wuyan hannunta na hagu ta riƙe da hannu biyu, babban yatsanta a kan jijiya. Ta fi mu duka tsoro, leɓunanta na motsi ba sauti. Haka aka yi rubutun. Akelo ta yi layi ɗaya ta ɗago ta dubi ƙirjina ta ga yana motsi, ta koma. Kakarta na sauraron jininta, ita tana sauraron numfashina. Ni kuma na buɗe ido na ƙi rufewa, duk da barcin da ke fizgata, don kar ta ɗago ta gan su a rufe.

Da ta gama na ce ta karanta mini, amma da muryar da take sayen tumatir. Ta ɗan yi murmushi ta fara. Ta ce ita ce ke rubuta tarihin matattun garinsu, kuma ta lura abin da mutum ya so yi ba ya shiga takardar. Ta ce ta rubuta masunta da yawa da tafki ya ci, kuma tana so ta koyi rubuta takardar da za ta sa a kawo rigunan kariya daga nutsewa kafin a nemi mai rubuta tarihi. Ba ta bar fili a ƙasan shafin ba, sai da ta cika shi har gefe. Ogutu ne ya kai takardar Kisumu da kansa.

Na warke. An ɗauke ta. Ranar tafiyarta kakarta ba ta raka ta tasha ba, ta ce ƙafa, amma na san ba ƙafa ba ce.

Yau shekara goma sha huɗu ke nan. Akelo tana shugabantar wata ƙungiyar masunta da mata masu sayar da kifi a can gefen Homa Bay, tana tsayawa gaban manya ta yi jawabi, kuma a wata guda tana rubuta sunayen masu rai fiye da mutanen ƙauyenmu duka. Duk mai hankali zai ce magana ta ƙare tun tuni. Amma ba ta taɓa yin mako ba ta kira ni ba, kuma kafin gaisuwa, kafin komai, tambaya ɗaya take yi. Na sha gaya mata cewa kowa zai mutu, ni ma haka, kuma in ta zo ba ruwan bironta. Takan ce ta sani. Sanin aji ne, na gane shi a muryarta.

Abin da ban hango ba ranar da na yi wa tsohuwa cika baki a kan tarun kifi shi ne cewa raina na ba da shaida, kuma shaida ce da dole wata rana ta ƙare. A watan jiya likita a Kisumu ya ga wani abu a gefen cikina, ya daɗe yana duban hoton kafin ya dube ni. Yarana sun sani, na hana su faɗa. Ba mutuwar nake tsoro ba sosai, na zauna da ita a rumfa ɗaya tsawon rayuwata. Tsorona ranar da wayar za ta yi ta ruri wani ya ɗauka, yarinyar nan ta dubi hannunta.

Jiya da hantsi ta kira. Na bar wayar tana ƙara har na kurɓi ruwa, na gyara zama, na gyara murya.

"Malama, kina nan?"

"Ina nan, sarkin tsoro. Ina kike so in je?"

Na ji ta saki numfashi, sannan ta gaishe ni, ta shiga ba ni labarin wani taro da za ta yi da jami'an gunduma, da jawabin da take so in duba mata. Na ce ta karanto mini, a hankali, tun daga farko. Tana karantawa ina dafe da gefen cikina, ina gyara mata inda ta yi tsawo.